Yaya ake tsara manhajar waya tare da mutumin da zai iya manta ka kafin gobe?

Kusan duk manhajar da ke cikin wayarka, daga ta aika saƙo har zuwa ta banki, akwai lokacin da masu ƙera ta suka zauna da wasu mutane irinka suka yi musu tambayoyi. Tambayoyin ba sa wuce iri uku. Ta farko: ba mu labarin yadda ka yi abu kaza a makon jiya, a ina ka sha wahala? Ta biyu: da a ce akwai manhajar da za ta yi maka kaza da kaza, za ka so ta? Ta uku kuma takan zo ne bayan an ba ka samfuri ka gwada: yaya ka gan ta, ta fi wadda muka nuna maka wancan karon?

Duba tambayoyin nan da kyau. Ta farko tana so ka tuna. Ta biyu tana so ka siffanta a ranka abin da babu shi tukuna. Ta uku tana so ka tuna, ka kwatanta, sannan ka nemo kalmomin da za ka faɗi ra'ayinka. To, waɗannan abubuwa su ne cutar mantuwa take fara ci. Ka ga ke nan duk mai son ya tsara manhaja tare da masu wannan cuta, tun kafin ya kai ga zancen launi ko girman maɓalli, kayan aikin da ya saba da su sun riga sun karye a hannunsa.

Wannan rubutu zai yi bayani ne a kan yadda masu bincike suke fama da wannan matsala, da dabarun da suka gano, da wuraren da har yanzu ake cije-cije.

Da farko, mece ce cutar mantuwa?

Abin da likitoci ke kira dimenshiya ba cuta ɗaya ba ce. Suna ne na tarin alamomi da ke bayyana idan wata cuta tana lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har abin ya kai ga hana mutum gudanar da harkokinsa na yau da kullum. Wadda ta fi yawa ita ce cutar Alzheimer, wadda ta samo suna daga likitan Jamus Alois Alzheimer da ya yi bayaninta a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu dimenshiya. Hukumar ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da dimenshiya a duniya, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki.

Muna ce mata cutar mantuwa, amma sunan bai faɗi komai da komai ba. A cutar Alzheimer, wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, mai ajiye sababbin abubuwan da suka faru, yana cikin waɗanda ke fara taɓuwa. Shi ya sa dattijo zai ba ka labarin ƙuruciyarsa tiryan-tiryan, amma ya kasa tuna ko ya karya kumallo. Akwai nau'in da ke biyo bayan toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, wanda yakan rage wa mutum saurin tunani da iya tsara aiki. Akwai nau'in Lewy, wanda mai shi zai kasance garau da safe, da rana ya rikice, wani lokaci ma ya riƙa ganin abin da babu. Akwai mai kama gaban ƙwaƙwalwa da gefenta, wanda ke fara canja hali ko magana. Akwai kuma wanda ke fara lalata yadda ƙwaƙwalwa ke fassara abin da ido ya gani, irin wanda marubucin Ingila Terry Pratchett ya sanar yana da shi a 2007. Mai wannan nau'in idonsa lafiya lau, amma maɓalli na gabansa ya kasa gano shi.

Riƙe wannan a ranka, domin shi ne tushen wahala ta farko: babu wani mutum guda da za a ce shi ne samfurin mai cutar mantuwa.

Me ya sa ba za a tambayi masu kula da su kawai ba?

Haka aka daɗe ana yi. Injiniya ya tambayi likita, ya tambayi 'ya ko matar mara lafiya, ya koma ofis ya ƙera abu. Sakamakon haka, yawancin fasahar da aka fara yi ta karkata ne ga tsaro da sa ido: ƙararrawar da ke kaɗawa idan an buɗe ƙofa, na'urar bin sawu, mai tunatar da shan magani. Duk suna da amfani. Amma ka lura, kusan duk amsa ce ga tambayar mai kula: yaya zan yi hankalina ya kwanta? Shi kuwa mai cutar, idan aka ba shi dama, sau da yawa wata tambaya ce daban a ransa: yaya zan ci gaba da zuwa kasuwa da kaina, yaya zan yi hira da jikokina ba tare da na ji kunya ba, me zan yi da yinin nan mai tsawo?

Tunanin cewa a tsara abu tare da masu amfani da shi ya samo asali ne daga ƙasashen arewacin Turai a shekarun 1970. A Norwe, masanin kwamfuta Kristen Nygaard ya yi aiki da ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa domin su sami ta cewa kan kwamfutocin da ake shigowa da su masana'antu. A shekarun 1980, wani aiki mai suna UTOPIA a Suwidin da Denmak ya zauna da ma'aikatan ɗab'i, suna gwada kwamfutocin da aka yi da kwali da katako kafin a ƙera na gaske. Hujjarsu mai sauƙi ce, mu ma muna da ita: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu cutar mantuwa sun daɗe ba a sa su cikin wannan sahu ba, saboda an ɗauka ba su da abin faɗa. Masanin halayyar ɗan Adam Tom Kitwood na Jami'ar Bradford ya ƙalubalanci wannan tunani a littafinsa na 1997, inda ya nuna cewa yadda mutane ke mu'amala da mai cutar, kamar yin magana a kansa yana zaune, ko yi masa abin da zai iya da kansa, yana ƙara durƙusar da shi fiye da abin da cutar kaɗai ta yi. Daga baya masu cutar da kansu suka tashi. A 2002 aka kafa wata ƙungiya tasu a Sikotlan, wadda ta zo ta rubuta ƙa'idojin da take so masu bincike su bi. A 2014 Kate Swaffer ta ƙasar Ostireliya, wadda aka gano tana da cutar tana da shekara 49, ta haɗu da wasu suka kafa ƙungiya ta duniya. Saƙonsu guda ne: kada a yanke hukunci a kanmu ba ma wurin.

An yarda da wannan a baki. Aiwatar da shi ne aiki.

Ƙalubale na farko: yaya za ka yi tambayar?

Idan ka ce wa mai cutar Alzheimer, “Me ya ba ki wahala a wayarki jiya?” kai a ganinka hira kake yi. Ita kuwa jarrabawa ka yi mata, irin wadda ta saba faɗuwa a asibiti. Wata za ta yi shiru, wata ta yi dariya ta kauce, wata kuma ta ƙirƙiro amsa, ba don ƙarya ba, sai don ƙwaƙwalwa tana cike gurbin da ta tarar babu komai.

Wani aiki da aka yi a jami'o'in Dundee da St Andrews na Sikotlan a farkon shekarun 2000 ya koyar da darasi mai kyau a nan. Norman Alm da Arlene Astell da abokan aikinsu sun ƙera wani tsari mai suna CIRCA, allo ne da ake taɓawa, mai ɗauke da tsofaffin hotuna da waƙoƙi da gajerun bidiyo, domin ya taimaka wa mai cutar da mai kula da shi su yi hira. Kowa zai yi zaton hotunan iyali ne za su fi aiki. Sai aka ga akasin haka. Hoton iyali yana da amsa daidai da amsa kuskure: wane ne wannan, a ina aka ɗauka? Idan mutum ya kasa gane 'yarsa a hoto, hira ta ƙare, baƙin ciki ya shigo. Amma hoton tsohon titi, ko shago, ko wurin shaƙatawa na zamanin da, ba ya tambayar kowa komai. Duk labarin da ya taso daidai ne. Saboda haka suka gina tsarin a kan hotunan da ba na kowa ba.

Daga irin wannan aka fahimci cewa dole a mayar da tambaya zuwa yanzu, kuma zuwa abin da hannu zai taɓa. Maimakon “me kike so manhajar ta yi?”, sai a ajiye mata abu biyu a gabanta a ga wanda za ta ɗauka. Maimakon a kira ta ofis, sai a je gidanta, domin kicin ɗinta da kalandarta da 'yan takardun da ta manna a ƙofa suna tuna mata abin da tambaya ba za ta tono ba. Akwai ma wata dabara da Joan Murphy ta Jami'ar Stirling ta ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1990, mai suna Talking Mats. 'Yar tabarma ce da katunan hotuna. Mutum zai ɗauki katin wani abu, misali girki ko kiran waya, ya ajiye shi a ɓangaren “ina jin daɗinsa”, ko “ba na jin daɗinsa”, ko tsakiya. Amfaninta shi ne ra'ayin da ya riga ya bayar yana nan a gabansa, ba sai ya riƙe shi a ka ba.

Sai dai akwai wani tarko. Masu tsara manhaja suna son samfurin takarda, su zana fuskar waya a kwali su ce ka ɗauka wannan waya ce. Wannan “ka ɗauka” ɗin aiki ne babba ga ƙwaƙwalwar da ke fama da siffanta abin da babu. Ga wasu, takarda takarda ce kawai. Dole sai an kawo abin da ya yi kama da na gaske, yana haske, yana amsawa idan an taɓa. Wannan kuwa ya fi tsada, kuma idan abu ya yi kama da gamamme, mutane sukan ji nauyin kushe shi.

Ƙalubale na biyu: amincewar da aka bayar jiya tana aiki yau?

A ƙa'idar bincike, ba a sa mutum cikin aiki sai an yi masa bayani ya amince, yawanci ya sa hannu a takarda. To, idan ka dawo mako mai zuwa bai san ka ba, bai kuma tuna takardar ba fa?

Hanya mafi sauƙi ita ce a ce ba zai iya amincewa ba, a cire shi. Da haka aka yi shekaru ana rufe musu ƙofa. Dokar da Ingila da Wales suka yi a 2005 kan ikon yanke shawara ta ɗauki wata hanya: a ɗauka mutum yana da hankalin yanke hukunci har sai an tabbatar da akasin haka, kuma a auna wannan iko a kan kowace shawara daban, a lokacin da ake buƙatarta. Abin da ake dubawa huɗu ne: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi gwargwadon lokacin da zai yanke shawara, ya auna shi, ya kuma isar da abin da ya zaɓa. Mutum zai iya kasa tafiyar da asusun bankinsa, amma ya san sarai ko yana son zama da kai na minti talatin ku duba waya.

A 2007 wata malamar jinya mai bincike, Jan Dewing, ta bayyana tsarin da ke ɗaukar amincewa a matsayin abu mai tafiya, ba na rana ɗaya ba. Kafin ka fara, sai ka koyi yadda wannan mutumin yake nuna yarda da ƙi a rayuwarsa ta kullum. Duk zuwan da ka yi, ka sake gabatar da kanka, ka sake neman izini. Ana cikin aiki kuma idonka na kansa. In ya fara kallon ƙofa, ko ya ture wayar, ko ya ɗaure fuska, to ya janye amincewarsa ke nan ko bai furta ba. Sai ka tattara kayanka, ko da kuwa tafiyar awa biyu ka yi kafin ka iso.

Ƙalubale na uku: muryar wa kake ji?

Ba a iya wannan aiki ba tare da masu kula ba. Su ne ke kawo mutum, su kwantar masa da hankali, su fassara maka abin da yake nufi. Kuma nauyin da ke kansu ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar ta ci wa duniya dala tiriliyan 1.3 a 2019, kusan rabin wannan kuma ƙimar hidimar da 'yan uwa da abokai suke yi ne a gida.

Amma ka yi tambaya, mai cutar ya yi shiru yana neman kalma. Daƙiƙa biyar, goma. Matarsa, saboda ƙauna da son ta rufa masa asiri, sai ta amsa masa. Shi kuma ya gyaɗa kai. A littafinka ka rubuta cewa ya ce kaza, alhali bai ce ba. Idan aka yi haka sau ashirin, manhajar da za ta fito ta matar ce, da sunan mijin. Shi ya sa masu bincike sukan raba zama: wani lokaci tare, wani lokaci kowa daban. Sukan kuma koyi abin da ya fi komai wuya ga mai gaggawa, wato yin shiru a jira.

Inda saɓanin ya fi fitowa fili shi ne batun bin sawu. Iyali suna tsoron ɓata, kuma tsoron gaskiya ne. Shi kuwa dattijon da ya yi shekara hamsin yana fita ba ya neman izinin kowa, yana iya jin an mai da shi fursuna. A Jami'ar Newcastle, wani aiki mai suna KITE da aka wallafa sakamakonsa a 2009 ya zauna da masu cutar da masu kula da su kan wannan batu. Abin da suka nema ya wuce a san inda suke. Sun so na'urar da za su iya magana ta cikinta su ma, wadda za ta nuna musu hanyar gida, wadda kuma ba ta da girma ko nauyin da zai tona musu asiri a titi. Daga ƙarshe an ƙera samfura biyu, ɗaya ana ɗaurawa a dantse, ɗaya kuma mai kama da ɗan littafin rubutu. Fasahar cikin ba ta bambanta sosai da ta bin sawu ba. Abin da ya bambanta shi ne a hannun wa linzami yake.

Ƙalubale na huɗu: “ya yi kyau” ba amsa ba ce

Ka yi wa dattijuwa tattaki, ka sha shayinta, ka nuna mata abin da ka yi wata uku kana ginawa. Me kake tsammanin za ta ce? Za ta ce ya yi kyau. Wataƙila ziyararka ce ta yi mata daɗi, ba manhajar ba.

Wani gwaji da Arlene Astell da Phil Joddrell da abokan aikinsu suka wallafa a 2016 ya nuna haka ƙarara. Sun ba mutum 30 masu cutar mantuwa wasanni biyu a kwamfutar hannu. Rukuni ɗaya sun sami wasan karta na Solitaire, wanda tsofaffin Ingila suka sani tun suna yara. Ɗaya rukunin sun sami wani sabon wasa na fasa ƙwallaye masu launi, wanda ba su taɓa gani ba. Kashi 17 cikin 100 ne kawai suka kai matakin da aka ɗiba a wasan karta, amma a sabon wasan kashi 93 suka kai. Da aka tambaye su kuwa, kashi 88 na duka mahalartan sun ce sun ji daɗi, ko sun kai matakin ko ba su kai ba.

Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, sanin abu a zahiri ba ya nufin za a iya shi a fuskar waya, domin kartar da ake ja da yatsa a kan gilashi ba ita ce kartar da ake riƙewa a hannu ba. Na biyu, abin da baki ya faɗa da abin da yatsa ya yi kowanne labarinsa daban, sai ka haɗa su kafin ka fahimci gaskiya. Kuma kada ka raina jin daɗin. Ga mutumin da yini ke yi wa tsawo, minti ashirin na nishaɗi ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da fuskar waya ke nema daga ƙwaƙwalwa

Mu da muka saba, ba ma lura da yawan abin da waya ke buƙata mu riƙe a ka. Layuka uku a kusurwa suna nufin akwai jerin zaɓi a ɓoye. Jan yatsa hagu yana goge saƙo. Dannawa ka riƙe daban, dannawa sau biyu daban. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a ko'ina ba, haddace su muka yi. Ga mai cutar mantuwa, abin da ba ya gani a allo tamkar babu shi ne.

Sai lambar sirri, wadda gaba ɗayanta gwajin tunawa ce. Sai saƙon tabbatarwa da ke sa ka fita daga manhaja, ka karanta lamba shida, ka dawo kafin lokaci ya ƙare. Sai allon da ke mutuwa kana cikin tunani. Sai sanarwar da ke faɗowa daga sama ta katse maka aiki, ka dawo ka rasa inda ka tsaya. Ga kuma tsufa da nasa: ido ya rage, yatsa na rawa, fata ta bushe har gilashi ba ya jin taɓawa sosai.

Akwai ƙa'idoji na gama-gari. Apple ya ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza ma'auni 44 a tsawo da faɗi, Google ya ce 48, ƙa'idojin intanet na duniya kuma sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1. Waɗannan sun taimaka wa ido da yatsa, amma ba su taɓa matsalar tunawa ba. Abin da zama da masu cutar ya ƙara koyarwa shi ne: aiki ɗaya a kowane shafi, alama tare da rubutu, hanyar komawa farko a wuri guda kullum, kuma kada kuskure ya zo da jan rubutu ko ƙara mai firgitarwa. Sannan kada a yi abin kamar na yara. Tsohon malami ko tsohuwar 'yar kasuwa suna gane raini ko da sun manta sunanka.

Wani abu kuma da ke ba mutane mamaki: irin tunawar da ke cikin hannu, wato abin da jiki ya saba yi, takan daɗe ba ta lalace ba. Mai cutar zai iya koyon cewa maɓallin kiran 'yarsa yana ƙasa ta dama, idan an maimaita sau da yawa. Wendy Mitchell, ma'aikaciyar hukumar lafiya ta Ingila da aka gano tana da cutar a 2014 tana da shekara 58, ta yi shekaru tana zaune ita kaɗai, tana dogaro da ƙararrawar tunatarwa da kwamfutar hannu, har tana rubuce-rubuce. To, ka yi tunanin irin wannan mutum ya wayi gari an sabunta manhaja cikin dare, maɓallin ya koma sama. Abin da ke ba ka haushi na minti biyu, shi zai iya raba shi da manhajar har abada.

Ƙalubale na biyar: lokaci ba ya jira

Gina manhaja tare da mutane yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku. Cutar kuwa tana ci gaba. Wadda ta taya ka zaɓen kalmomi a watan farko, wataƙila karatu ya gagare ta kafin a gama. Wani zai koma gidan kula da tsofaffi, wani zai rasu. Ko a cikin yini guda ma akwai bambanci, domin da yawa sukan fi rikicewa idan yamma ta yi, shi ya sa ake son zama gajere, kuma a lokacin da mutum ya fi natsuwa.

Wannan yana haifar da matsala biyu. Ta farko, waɗanda ke iya zuwa irin wannan zama yawanci masu matakin farko ne, masu ilimi, masu iyalin da ke tsaye a kansu, kuma ba su da yawa. Waɗanda cutar ta yi nisa da su, da waɗanda ke zaune su kaɗai, ba a cika jin su ba. Ta biyu ta shafi amana. Ka yi wata shida kana zuwa gidan mutum duk Talata, ya saba da kai, ya saba da na'urar. Ranar da kuɗin bincike ya ƙare fa? Za ka karɓe ta? Wa zai gyara manhajar idan tsarin wayar ya canja? Manhajoji da yawa da aka gina a jami'o'i a nan suke mutuwa. Mai bincike na gari yana tsara yadda zai yi sallama tun ranar da ya fara.

In da a ƙasar Hausa za a yi

Kusan duk misalan da ke sama daga Turai suke, alhali mafi yawan masu cutar ba can suke ba. Mu ma tana nan. Wani bincike da likitoci suka yi a Zariya, aka wallafa a 2011, ya same ta a jikin kusan kashi 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba. Sai dai mukan ce gigin tsufa ne, wani lokaci ma a alaƙanta ta da sihiri ko iska, ba a kai mutum asibiti ba. Ba kowane tsoho ke yin ta ba, kuma akwai mantuwar da ke da magani, kamar ta ƙarancin sinadarin B12 ko matsalar maƙoƙo ko ciwon damuwa, don haka ganin likita yana da amfani.

Duk wanda zai yi irin wannan aiki a nan zai tarar da ƙarin tambayoyi. Wayar ta Baba ce, ko ta jikansa ce da yake ara? Boko yake karantawa, ko ajami, ko saƙon murya kawai ya saba da shi? Tunatarwar da ta ce “ƙarfe 2:00” da wadda ta ce “bayan azahar”, wacce za ta zauna masa? Idan ya iya harsuna biyu, cutar takan mayar da mutum ga harshensa na farko, wanda zai iya kasancewa Fulatanci ko Kanuri. Sannan ga kunya da kara: dattijo ba zai kushe abin baƙo ba, yaro kuma ba ya titsiye babba da tambaya. Amincewa ma ba ta mutum ɗaya ba ce, sai an bi ta kan iyali, amma izinin babban ɗa ba zai maye gurbin yardar Baba da kansa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a warware daga ofis.

Abin da za ka tafi da shi

Ba dole sai kana rubuta manhaja wannan ya shafe ka ba. Idan akwai mai wannan lalura a gidanku, dabarun nan naka ne. Kada ka ce “kin tuna?”, nuna mata abin ka bar ta ta yi magana. Ba ta zaɓi biyu, ba goma ba. Idan ta yi shiru, jira. Kashe sabuntawar da waya ke yi da kanta idan ta saba da yadda take. Kafin ka sa mata na'urar bin sawu, yi magana da ita tun tana iya ba ka amsa.

In kuma wata rana aka tallata maka manhaja aka ce an yi ta ne domin masu cutar mantuwa, tambayi abu uku: mutum nawa masu cutar suka gwada ta, a wane mataki na aikin aka kira su, kuma wane abu aka canja saboda abin da suka nuna? Amsar ta ukun ce za ta gaya maka ko an saurare su da gaske.